Zaɓen igiyar ɗaga ƙyallen iska a ƙaramin katamaran

Abin da ake nema ga igiyar da ke ɗaga ƙyallen iska zuwa ƙololuwar sandar katamaran, wato kwalekwalen nan mai jiki biyu, shi ne kada ta miƙe, domin da zarar ta saki kaɗan sai ƙyallen ya yi tattara, gudu ya ragu. Saboda haka nailan ba ta cikin lissafi, tunda tana miƙewa sosai. Foliyesta tana jure rana kuma tana da araha, amma tana ɗan miƙewa idan iska ta yi ƙarfi. Wayar ƙarfe, irin wadda aka saba gani a ƙaramin katamaran da ake kira Hobie 16, tana riƙewa sosai, sai dai ranar da silinta ya fara tsinkewa tafin hannu ne zai gaya maka.

Ni dai Dyneema nake saye, wato wata igiya ta zaren roba mai ƙarfin gaske, mai rigar foliyesta a waje. Kusan ba ta miƙewa, ba ta shan ruwa, kuma rashin nauyinta a saman sanda yana da amfani ga jirgin da saurin kifewa ne halinsa. Rigar ce ke sa ta kamu a hannu da wurin ɗauri, tunda zaren Dyneema santsi gare shi, ƙulli yana zamewa kuma yana rage mata ƙarfi, shi ya sa ake saƙa bakinta maimakon a ƙulla.

Inda ake cutar mutane shi ne abin da ke cikin rigar. An taɓa sayar mini da wata da sunan Dyneema, ban gane ba sai da ƙyallen ya riƙa zamowa a tsakiyar ruwa, na yanke bakinta na tarar da foliyesta zalla. Ka sa mai kaya ya yanko ɗan guntu a gabanka, ka zare cikin ka jefa a ruwa: na gaske yana tasowa, foliyesta tana nutsewa. Folifurofilin, wata igiyar roba ta daban, ita ma tana tasowa, amma wuƙa tana ratsa ta nan take, alhali Dyneema sai an sha wahala. Wanda ya ƙi yankawa, ka riƙe kuɗinka.

Idan za a ajiye jirgin, a wanke gishirin da ruwan daɗi, a ɗaure igiyar nesa da sanda don kada iska ta yi ta buga ta. In ajiyar ta watanni ce, a zare ta, a bar siririn zare a gurbinta wanda za a jawo ta da shi daga baya.