Tayoyin ƙanƙara da ake sayarwa a Maradi: shin suna ƙara wa mota mai jan gaba riƙo?

A wurin masu sayar da tayoyin Kwatano a Maradi akwai wata irin taya da ke ɗaukar ido nan take. Zanenta da sauran zurfi, robarta da laushi in ka danna ta da farce, kuma kowane haƙori nata an tsattsaga shi da ƙananan layuka kamar an bi shi da reza. Mai Corolla ko Starlet ko Golf da motarsa ke yawan kafewa a rairayin unguwa yana ganinta sai ya ce ya samu magani. Tayar ƙanƙara ce, wadda aka ƙera don hunturun Turai. Hukuncinmu a kanta shi ne: a ƙasar da aka yi ta dominta babu kamarta, amma a zafin Maradi kuɗin da aka zuba mata bai dawowa, kuma akwai haɗari a ciki.

Gane ta ba wuya. A gefen tayar za ka ga hoton dutse mai kai uku da ɗigon dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Wannan alama ba a buga ta sai tayar ta ci gwajin tafiya a kan dusar ƙanƙara. Haruffan M+S kuwa, da ke nufin laka da dusar ƙanƙara, kamfani ne ke rubuta su da kansa ba tare da wani gwaji na dole ba, don haka ba su isa shaida ba. Sunayen ma suna faɗa: Alpin ta Michelin, WinterContact ta Continental, Blizzak ta Bridgestone, UltraGrip ta Goodyear, Hakkapeliitta ta Nokian. Wannan kamfani na ƙarshe, a ƙasar Finlan, shi ya fara fitar da tayar hunturu a 1934. Wasu za ka ga ƙananan ramuka a jere a kan haƙoransu, wurin sa ƙusoshin ƙarfe ne.

A ba ta haƙƙinta tukuna. Robar taya ta yau da kullum tana fara sandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta koma kamar busasshen kirgi, ta riƙa zamewa. Ita tayar ƙanƙara an haɗa robarta ne ta zauna da laushi a wannan sanyin, tsage-tsagen nan kuma suna buɗewa su ciji ƙanƙara, ramukan zanen su cika da dusa, dusar ta manne da wadda ke kan hanya. Mota mai jan gaba da ma tana da sa'a a nan, domin injin da akwatin giya suna zaune a kan ƙafafun da ke ja, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar. In aka sa mata tayoyin ƙanƙara huɗu, aka tashi a hankali da giya ta biyu ba tare da danna totur ba, za ta hau hanyar da motoci masu jan baya ke ta lilo a kanta. Huɗu muka ce. Wanda ya sa biyu a gaba kaɗai, gaban zai riƙe, bayan ya kwashe a kwana, motar ta juya ta dubi inda ta fito. Sarƙar da ake ɗaura wa taya don ta riƙe ƙanƙara ma, a ƙafafun gaba take zuwa. Saboda haka ne Jamus ta wajabta irin wannan taya duk lokacin da hanya ta yi ƙanƙara, Faransa kuma tun 2021 ta wajabta ta ko sarƙa a yankunan duwatsu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Abin da ya kamata mai saye ya yi wa kansa tambaya a kai shi ne: me ya sa Bature ya yar da taya da sauran zane haka? Sabuwar tayar ƙanƙara tana zuwa da zurfin milimita 8 zuwa 9. Idan ta sauka 4, riƙonta a dusa ya ragu sosai, har ƙasar Ostiriya ba ta ƙirga ta a matsayin tayar hunturu. To a nan ake cire ta, alhali tayar yau da kullum doka ta yarda a hau ta har milimita 1.6. Shi ya sa a cikin tulin tayoyin hannu ta ƙanƙara ce kullum ta fi kyan gani. Ga kuma shekaru: wata huɗu ko biyar ake hawanta a shekara, sai a jingine ta, don haka tana iya yin shekara takwas zanenta bai cinye ba. A duba lamba huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT. In an ga 3816, an yi ta a mako na 38 na shekarar 2016. Kamfanonin taya da kansu suna cewa wadda ta kai shekara goma a cire ta ko da zanenta sabo ne.

Yanzu a ɗora wannan roba mai laushi a kan kwaltar Maradi zuwa Tasawa a watan Afrilu ko Mayu, iska ta haura digiri 40, kwaltar kuma ta fi haka nesa. Ko a tsakiyar hunturunmu, Disamba da Janairu, da wuya rana ta ɗaga garin bai wuce digiri 7 da nisa ba, wato babu watan da tayar ke samun yanayinta. Haƙoran suna lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyi, lanƙwasar tana haifar da zafi a cikin tayar, zafin ya ƙara mata laushi. Direba zai ji sitiyari ya yi sako-sako a kwana, birki kuma ya ƙara tsawo a busasshiyar kwalta, wanda shi ne mafi muni a hanyar da amalanke ko akuya ke faɗowa ba sallama. A mota mai jan gaba ƙafafun gaba ne ke ja, su ke karya kwana, su ke ɗaukar mafi yawan birki, don haka su ke fara cinyewa, daga kafaɗu. A hanyar burji irin ta ƙauyuka kuwa tsage-tsagen suna cika da tsakuwa, gefen haƙoran ya riƙa ɓantarewa. Tsohuwar taya mai laushi, da lodi, da gudu, da zafin rana, haɗin da ke fasa taya ke nan. A kuma lura da harafin da ke bayan lambar nauyi a gefen tayar. A 195/65 R15 91T, lamba 91 tana nufin kilo 615 a kowace ƙafa, T kuma iyakar gudu ce, kilomita 190 a sa'a. Da yawa cikin na ƙanƙara Q ne, wato 160, kuma wannan lissafi na sabuwar taya ce mai cikakkiyar iska.

To a rairayi fa, inda aka saye ta dominsa? Nan ne kuskuren ya fi yawa. Dusar ƙanƙara ana son taya ta yanke ta ta isa ƙasa mai ƙarfi, shi ya sa a can ake fifita siririyar taya. Rairayin Maradi babu ƙasa mai ƙarfi kusa, duk abin da ya ciza sai ya tona wa kansa rami. Ana son taya ta yi faɗi ta hau bisa, kuma iska ce ke yin wannan aiki, kowace irin taya ce. Corolla tana tafiya da wajen bar 2.2, abin da masu faci ke cewa kilo biyu da ɗigo biyu. Kafin shiga rairayi mai zurfi a rage ƙafafun huɗu zuwa 1.4 ko 1.5. In ta riga ta kafe a sauka 1.2, amma kada a yi ƙasa da 1.0, domin bakin tayar na iya sauka daga janti, wato ƙarfen da take ɗaure a kai, da an karya sitiyari. Da wannan iska ba a wuce kilomita 30 a sa'a, kuma da an taka kwalta a mayar da ita. Taya mai ƙarancin iska a kan kwalta mai zafi gefenta ke cinyewa ta ciki, ba a gani sai ranar da ta fashe. Ma'aunin iska da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota sun fi tayoyin ƙanƙara huɗu amfani a garin nan, kuma kuɗinsu bai kai ba.

Sauran dabarar tuƙi ce, kuma yawancinta ɗaya ce da ta ƙasashen sanyi. A shiga da giya ta biyu, da gudu daidai, kada a canza giya a tsakiyar rairayi, ƙafafun gaba su miƙe. Da an ji ƙafa ɗaya ta fara juyawa a banza a ɗaga ƙafa daga totur, saboda rabon ƙarfin da ke tsakanin ƙafafun biyu yana bin wadda ta fi sauƙin juyawa, ɗayar ta tsaya cik. Taka birkin ƙafa kaɗan tare da totur yakan mayar da ɗan ƙarfi ga wadda ta tsaya; birkin hannu ba ya wannan aiki, domin ƙafafun baya yake kamawa. Motar da ke da maɓallin hana ƙafa juyawa a banza, a kashe shi a rairayi, in ba haka ba zai rage ƙarfin injin daidai lokacin da ake bukatarsa. In ta nutse, a tone gaban ƙafafun da shebur, a ɗaga da jek a kan katako, a cika ramin, a shimfiɗa tabarmar mota ko karan gero. Danna totur da sitiyari a karye har ƙarshe shi ke kashe kardan, wato sandar da ke kai ƙarfin injin ga ƙafa, riƙe kuloci rabi-rabi kuma shi ke kawo warin ƙuna. Buhun ƙasa a but dabarar masu jan baya ce irin Peugeot 504. A mai jan gaba yana rage nauyin da ke kan ƙafafun da ke ja, haka ma fasinjojin baya, gara su sauka su tura. Tudu mai rairayi da ya gagara ta gaba sau da yawa yana hawuwa da baya, domin a lokacin nauyin motar yana komawa kan ƙafafun injin.

Wuri ɗaya da za mu yarda tayar ƙanƙara tana ɗan taɓukawa shi ne laka marar zurfi da damina, irin wadda ake samu a hanyoyin fadamar Gulbin Maradi da wajen Madarunfa a watan Agusta. Manyan ramukan zanenta suna fitar da ruwa da taɓo fiye da tayar da ta cinye. Amma da laka ta yi danƙo sai tsage-tsagen su toshe, tayar ta koma sumul, kuma ribar makonni kaɗan ba ta biyan asarar sauran watanni.

Wanda ya sayi mota ta iso da su a ƙafa, in shekarunsu ba su wuce biyar ko shida ba kuma babu tsaga ko kumburi a gefe, ya iya ƙarasa su a cikin gari da gudu kaɗan, yana duba iska da safe kafin tayar ta ɗauki zafi. A kula da kibiyar da ke gefe, domin da yawa cikinsu hanya ɗaya suke juyawa, in mai faci ya ɗaura su a juye ruwa ba ya fita. Kada a haɗa ta da tayar yau da kullum hagu da dama, birki zai riƙa jan motar gefe ɗaya. Mai tasi da mai doguwar tafiya zuwa Damagaram, Yamai ko Katsina ta Ɗan Isa kuwa, ba mu ba shi shawarar saye ba ko da an karya masa farashi. Ya nemi tayar yau da kullum mai girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba, wadda ba ta da hoton dutsen nan, ya karanta lambar DOT da idonsa kafin ya biya.