Lambun Suzhou ya yi, ɗan rakiyar ne ya ɓata mana rana

Lambun Zhuozheng da ke birnin Suzhou na ƙasar Sin wuri ne na gani na faɗa, wannan ba musu. Matsalata da kamfanin yawon buɗe idon da muka bi daga Shanghai ne, kun dai san yadda suke yanka baƙi a kuɗi, aka ce lambu biyu za a kai mu har da abincin rana.

Muna shiga ɗan rakiyar ya ɗaga 'yar tutarsa ya kama sauri kamar wanda ake bi bashi, yana ta zuba Sinanci a lasifika, mu sai dai ya waiwayo ya jefo mana Turanci kalma biyu. Abin da na tsinta kawai, wani jami'in daular Ming mai suna Wang Xianchen ne ya fara gina wurin a 1509 bayan ya bar aiki. Ni dai na ja na tsaya bakin tafkin, ganyen bado ya lulluɓe ruwan, jajayen kifaye na yawo ƙarƙashin gada, can nesa kuma hasumiyar Beisi ta leƙo ta tsakanin bishiyoyi, ka rantse cikin lambun take ashe tana can waje cikin gari, da gangan aka bar mata sarari. Wallahi a nan na ji kuɗina sun halatta.

To ko gama ɗaukar hoto ban yi ba mutumin nan ya hau kiran mu mota. Ina za mu? Shagon siliki! Nan aka zaunar da mu ana nuna mana yadda ake warware zaren tsutsa, daga nan sai tallan barguna da mayafai, lokacin da muka ɓata a shagon ya ninka na lambun, shi kuwa yana gefe yana jiran kamashonsa. Lambu na biyun, Shizilin, mai duwatsun nan da ake ɓacewa a cikinsu, wanda saboda shi na biya, sai cewa ya yi wai lokaci ya ƙure. Abincin ma da naman alade a ciki alhali tun a mota na faɗa masa mu Musulmi ne, sai shagon taliyar halal na 'yan birnin Lanzhou muka nema da kanmu.

Kai abin na ci min rai har yanzu. Wanda zai je ya hau jirgin ƙasa mai sauri daga Shanghai, kusan rabin awa ne, ya tafi da fasfonsa ya sayi tikiti da kansa. Kamfanin nan kam ko tauraro ɗaya na ba su na yi musu alfarma.