Jama'a a kula da mai tallan "tsohuwar bindigar Turawa" a WhatsApp

Salam 'yan uwa mafarauta da 'yan sintiri, dan Allah duk wanda ya ga wannan ya tura gaba. Akwai wani mutum da yake yawo a gurup-gurup na maharba yana saka hotunan tsofaffin bindigogi masu baki biyu, wai gadon kakansa ne da ya yi wa wani Di'o aiki, wai ƙirar kamfanin Westley Richards ce ta Ingila, masu tara kayan tarihi na nema ido rufe. Kawuna ya faɗa hannunsa, sa guda ya sayar ya biya, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da ya kawo ta gida yana ta murna sai na ce Kawu a ba ni in duba cikinta. Sunan da ke saman bindiga ba shi ne shaida ba, kowane maƙeri zai iya buga shi da ƙarfe. Shaidar tana ƙasa, ka cire ɗan katakon gaba, ka buɗe ta kamar za ka sa harsashi, ka zare bututun ka kifa shi, nan kusa da inda harsashi ke shiga za ka ga ƙananan tambura na gidan gwajin bindiga. Ta Kawu abin da na gani ELG ne cikin da'ira mai siffar ƙwai da kambi a samanta, wannan kuwa tambarin garin Liyej ne na Beljiyam, mai kambin daga 1893 aka fara shi. A sama kuma "W. Richards" aka rubuta, ba Westley ba. A wancan zamani maƙeran Beljiyam sun yi ta ƙera masu araha suna manna musu sunaye masu kama da na manyan kamfanonin Ingila, to irinsu ce. Eh akwai W. Richards na gaskiya a Libaful, amma tasu tambarin gwajin Ingila take ɗauke da shi, na Landan ko na Bamingham.

Na koma hotunan mai tallan na zuƙo ɗaya da ya ce ta 1890 ce, sai ga tambarin gwaji na BNP da kambi, alhali Bamingham sai 1954 suka fara buga wannan. Mai rubutun NOT FOR BALL ita ce za ka ce tsakanin 1875 da 1887 aka gwada ta. Da na yi masa magana cewa ya yi "yaro me ka sani a bindiga", ya yi bulokin ɗina.

Kuma ni ba kuɗin ne ma ya fi tayar min da hankali ba. Bututun ta Kawu irin mai zanen murɗe-murɗe ne da ake kira Damaskus, kuma babu tambarin zaki da PV a ƙasansa, wato da baƙin albarushi na da kawai aka gwada ta. Tsawon ramin harsashinta milimita 65 ne, yawancin harsashin da ke kasuwa yanzu kuwa 70 ne, zai shiga lafiya lau don kwanson sai an harba yake buɗewa, ga ƙarfe ya haura shekara ɗari tsatsa ta ci shi ta ciki, ƙarfin harsashin zamani na iya tsaga shi daidai inda hannunka na hagu yake riƙe. Mutumin nan ya ce wa Kawu "Baba ka sa kowane irin harsashi, ƙarfen Bature ne". Subhanallahi.

Sannan yana karɓar kafin alƙalami wai zai haɗa maka da lasisi. Lasisin irin wannan bindiga daga hukumar 'yan sanda yake fitowa da sunanka kai mai riƙewa, ba dillali ke bayarwa ba, takardar da ya ba Kawu ko lambar jikin bindigar ba ta yi daidai da ita ba. Mun kai ƙara ofishin 'yan sanda, bindigar da takardar duk suna hannunsu. Lambar da yake kira da ita a kashe take tun ranar Laraba, amma jiya wani abokina ya turo min hotunan nan dai daga wani gurup, da sabuwar lamba.