Gyaran kafireta da salansar Golf 2 ɗita a wajen wani dattijon bakanike a Kano

Motata Golf 2 ce ta 1988, injin 1.6 mai kafireta, 'yar Kwatano ce tun asali kuma a hannun kawuna na saye ta, ita nake kai yara makaranta da ita, ita nake zuwa kasuwa da ita, in Zariya ta kama ma ita ce dai. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta taɓa dubu, sai duk wani ɗigon mai da motar nan take sha ya koma yana min ciwo a rai, domin gaskiya sha take ba na wasa ba, tanki lita 55 ne amma kafin ka ce kwabo allura ta kwanta. Ga baƙin hayaƙi a baya har bamba ta yi baƙi, da safe in na tayar da ita sai ta yi ta ihu sulo, wato gudun inji in mota tana tsaye, ya ƙi sauka, in kuma ta yi zafi na shiga cunkoson 'Yan Kura ko Kurna sai ta mutu a tsakiyar titi masu adaidaita suna ta danna min hon.

Gareji biyu na kai ta kafin wannan, ba zan faɗi ko ina ne ba. Na farko ko bonet bai gama ɗagawa ba ya zaro sukudireba ya hau murɗa sukurun kafireta, ya rage nan ya ƙara can, ya ce an gama. Kwana biyu ta koma gidan jiya. Na biyun shi ne ya fi ɓata min rai, ya ce zai matse min jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireta, don ta daina shan mai, ashe siririyar waya ya cusa a cikin ramin jet ɗin, sannan ya karɓi kuɗin setin tafet, wato saita tazarar bawul. Sai daga baya na san cewa injin irin nawa tafet ɗinsa na haidrolik ne, da baƙin mai yake saita kansa, babu abin da ake saitawa da hannu a wajen. Wallahi wannan kuɗin har yau in na tuna sai na ji zafi, ba don yawansa ba, don an karɓa ne a kan aikin da babu shi.

Wani direban da ke lodin Kano zuwa Katsina ne ya kwatanta min dattijon nan, can ta wajen Ƙofar Ruwa, ba shi da allon suna ba shi da komai, rumfar kwano ce da bishiyar darbejiya da benci ɗaya da yara uku masu koyon aiki. Na isa wajen ƙarfe tara na safe, muka gaisa, na fara zuba masa bayani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam dakata, kashe ta tukuna ta huce, so nake in ji yadda take tashi da sanyinta." Haka na zauna a bencin nan fiye da awa ɗaya yana aikin wata Starlet. Da ta huce ya sa yaro ya tayar, shi kuma ya tsuguna a gaba ya karkata kai yana saurare, bai taɓa sukuru ko ɗaya ba, sai ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa ya shinshina, ya goga yatsa a ciki ya nuna min baƙin da ya fito kamar gindin tukunya.

Abu na farko da ya yi shi ne kwance fulogai huɗun ya jera su a kan tsumma yadda suke a injin, na ɗaya zuwa na huɗu. Biyu baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya, biyu kuma sun yi fari fat. Ya ce min fulogi mai lafiya kalar ƙasa-ƙasa yake yi kamar shayi da madara, baƙi mai ya yi yawa, fari iska ta yi yawa, to in ka ga duka biyun a inji ɗaya ka san ba sukuru ne matsalar ba, akwai inda iska take sata. Sannan ya ɗauko wani tsohon geji ya auna matsin kowace silinda, duka huɗun suka tsaya tsakanin 10 da 11, ya ce alhamdu lillahi rin da bawul lafiya lau, da a ce ɗaya ta faɗi ƙasa sosai da ba zai ɓata lokacinsa a kan kafireta ba don ba ta gyara injin da ya gaji. Wannan maganar ce ta fara kwantar min da hankali da shi.

Kafiretar Golf 2 irin tawa Pierburg 2E2 ce, duk wanda ya taɓa leƙa ta ya san yadda take da siraran tiyo-tiyo na iska birjik kamar hanjin kaza, kuma cok ɗinta, wato abin da ke ƙara wa inji mai in yana da sanyi, otomatik ne, da zafin ruwan lagireto yake aiki, akwai wani ɗan kaki a ciki da yake kumbura in ruwa ya yi zafi ya tura sulo ya sauka. Dattijon ya sa aka tayar da mota ya zuba ɗan fetur a sirinji ya riƙa ɗigawa a gindin kafireta, nan take ƙarar injin ta canza ta ɗaga, ya kalle ni ya ce ka ji ɓarawon. Robar da kafireta take zaune a kai ce ta tsage ta baya inda ido ba ya gani, da ya cire ya lanƙwasa ta a gabana sai ga tsagar ta buɗe baki har ɗan yatsa zai shiga. Tiyo biyu kuma sun bushe sun fashe, ɗaya ma wani ya toshe shi da ƙusa. Sai kuma babban abin, babu tamostat, wato abin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, a motar sam, an cire an yar tun ban san yaushe ba, irin al'adar nan tamu ta cewa wai na ƙasar sanyi ne. Ya yi min bayani cewa tamostat ɗin Golf sai ruwa ya kai wajen digiri 87 yake buɗewa, in babu shi inji ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, musamman da safiyar hunturu, cok ya ƙi buɗewa duka, mota ta yi ta shan mai kamar yanzu aka tayar da ita alhali ka yi rabin awa kana tafiya.

Na ce masa, "Baba ni fa tsoron obahitin nake, ka san zafin Kano a watan Afrilu." Ya ce, "Ɗana in lagireto a wanke yake, fanka tana tashi a kan lokaci, murfin tankin ruwa yana riƙe matsi, tamostat ba zai dafa maka inji ba, masu cirewa ɓoye wata cutar suke yi." Na yarda aka sa, kuma na wuce bazara guda da shi allurar zafi tana tsaye a tsakiya ba ta taɓa haurawa ba.

Wankin kafiretar da kansa ya yi bai ba yara ba. Ya shimfiɗa farin buhu ya warware ta ɗaya bayan ɗaya, a cikin kwanon fulot akwai jan laka kamar garin bulo, ya tambaye ni ko ina shan man bumburutu na ce wani lokaci in layi ya yi tsawo, ya girgiza kai kawai ya sa aka sayo sabuwar filtar mai. A nan ne ya zaro wayar da aka cusa a jet ya ɗora min a tafin hannu. Ya ce fetur da iska awo gare su, kusan kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na mai in an auna da nauyi, in ka shaƙe mai fiye da kima inji zai yi zafi ya rasa ƙarfi, kai kuma ka ƙara taka totur don ta ja, ƙarshe man da kake gudu ka sha shi kuma ka ƙona bawul a banza. Ba ya zura waya ko allura a jet, da iska yake hurawa ya ɗaga wa rana ya leƙa. Filtar iska kuwa ƙurar hunturu ta toshe ta har ta yi nauyi, ya ce a canza, kada in yarda a wanke min ta takarda da fetur.

Sai da aka gama duk wannan, aka duba makin taimin bel, ya haska taimin da fitilarsa ya ɗan juya dilko mai raba wa fulogai wuta, ya tsotsi tiyon da ke zuwa dilkon ya tabbatar yana riƙe iska, mota ta yi zafi fanka ta tashi ta tsaya, sannan fa ya ɗauki sukudireba. Abin da bakaniken garejin farko ya fara da shi shi ne shi ya ƙare da shi, kuma bai fi minti biyar ya yi a kai ba.

Na so in canza kafiretar gaba ɗaya in sa Weber 32/34 DMTL mai cok ɗin hannu, don ita ce aka fi sawa a madadin 2E2 kuma ba ta da tarkacen tiyo, amma ya ce tawa ba ta mutu ba, kuma abin da ke yawo a kasuwa da sunan Weber da yawa kwaikwayo ne, in ba ka samu ta asali da jet ɗin da ya dace da 1.6 ba wahala za ka saya da kuɗinka. Mutumin da zai ci riba a kan sayayya ya ce kada ka saya, ni dai a wajena wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Salansa kuma ba shi yake yi ba, akwai mai walda a gefensa da suke aiki tare, amma yana tsaye a kai. Inda bututu ya haɗu da manifol a Golf 2 wasu ƙarafa biyu ne masu lanƙwasa suke riƙe shi don ya riƙa ɗan motsi in inji ya girgiza, nawa ɗaya ya ɓace an ɗaure da wayar ƙarfe, hayaƙi yana fita ta nan yana shigowa cikin mota, ashe ciwon kan da nake yi in na yi doguwar tafiya gilas a rufe ba gajiya ba ce. Wannan ya tsorata ni sosai don yarana a baya suke zama, kuma iskar nan mai guba da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, tana kisa. An samo ƙarfen da zoben mahaɗar a Ƙofar Ruwa aka mayar yadda yake, ya hana a like wajen da walda ya ce zai tsage manifol. Tukunyar salansa ta baya ta ruɓe ta ciki tana kwaram-kwaram, mai waldan ya ce a fasa a zubar da kayan cikin a mayar fanko wai mota za ta fi numfashi, dattijon ya ce a'a, ƙaramin inji in ka buɗe masa bututu da yawa ƙara kawai za ka samu, jan da take yi a ƙananan giya ya ragu, kuma ba ta rage shan mai. Tukunya 'yar Kwatano mai kyau aka sa da sababbin robobin rataya.

To inda ban ji daɗi ba. Aikin da na zata na yini ɗaya ne sai da ya ci kwana uku, don ba ya ajiye kaya, komai sai an aika yaro kasuwa, robar gindin kafireta ma sau biyu ana mayarwa ta farko ba ta yi masa ba. Ba ya ɗaga waya in yana aiki, in ka matsa masa da sauri zai ce ka ɗauki motarka. Babu na'urar auna hayaƙi, da kunne da hanci da kalar fulogi yake aiki, ya iya ƙwarai amma da akwai na'urar da na fi samun natsuwa. Wajen zama babu kirki, rana in ta juyo bencin ba ya zaunuwa. Yaran kuma suna buƙatar ido, ɗaya ya manta bai ɗaure kilif ɗin murfin filtar iska ba sai a gida na gani, kuma sun bar min shatin baƙin mai a sitiyari da kujera. Kuɗin aikinsa ya fi na garejin unguwa kusan ninki biyu kuma ba ya ragi, sai dai kayan da aka sayo da kuɗina duk ya nuna min, tsofaffin kuma ya zuba min a leda ya ce in tafi da su. In motarka mai injekta ce kada ma ka je, da bakinsa ya ce ba fanninsa ba ne.

Bayan sati biyu ya ce in dawo, na dawo ya sake kwance fulogai, duka huɗun sun yi kalar shayin nan da ya faɗa, ya ɗan taɓa sulo bai karɓi ko sisi ba. Na gwada ta da kaina, na cika tanki har baki na je Zariya na dawo na sake cikawa a famfo ɗaya, a lissafina a da tana cin wajen lita 13 a kilomita 100, yanzu tana tsakanin 8 da 9 a doguwar hanya, cikin gari ta fi haka kaɗan saboda cunkoso. Da safe bugu ɗaya take tashi, sulo ya ɗaga na 'yan mintuna ya sauka da kansa, a danja tana tsaye shiru har wani lokaci sai na kalli allura in tabbatar ba ta mutu ba.

Duk mai Golf 2 ko Starlet ko tsohuwar Sunny ko Corolla mai kafireta, in zai iya haƙurin kwana biyu uku ba mota kuma ba zai tsaya yana gaya masa yadda zai yi aikinsa ba, ni ina ba da shawarar wajen. Ka je da sassafe, ka je da tsumman rufe kujera, kuma ka duba kilif ɗin filta kafin ka bar garejin. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan mayar masa da ita a canza taimin bel, don ya nuna min ya fara tsattsagewa ta gefe.