Mai fulawar bakin titi da shukar da ba ta san iyaka ba

Bara na gaji da jar ƙasar da ke gefen katangarmu a Unguwar Dosa, Kaduna. Da damina taɓo har ƙofar falo, da hunturu ƙura. Sai na tsaya wurin wani mai fulawa, irin masu jera baƙaƙen ledoji a inuwar bishiya a bakin titi, na ce ina son abin da zai rufe ƙasa, ba ciyawar da kullum sai an kira mai inji ya aske ta ba.

Ya nuno min wedeliya. Ganyenta kore shar, mai sheƙi, da ɗan kaushi a hannu, furenta ƙanana ruwan ɗorawa. Asalinta daga Amurka ta Tsakiya ne, kuma ba ta bin damina ta tafi. Na ce ya ba ni leda 60. Ya yi dariya. "Hajiya, 20 ma sun ishe ki. Ki bar kamu biyu tsakaninsu, ki sa ruɓaɓɓen takin shanu. Ɗanye zai ƙona saiwa." A wannan marrar ɗan kasuwa ya rage wa kansa ciniki? Nan ya saye ni.

Kuma gaskiyarsa ce. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, kafin Satumba ba ka ganin ja ko kaɗan. Daga Disamba zuwa zafin Maris sau biyu a sati nake ba ta ruwa, har da na alwala da nake tarawa a bokiti, ba ta bushe ba. Ta gindin mangwaro dai ganye ta yi, fure sai jefi-jefi.

Inda na ga laifinsa, bai ce min mamaya gare ta ba. Ta haura cikin kwamin alayyahuna ta shaƙe shi, guntayen da na yanke na watsar a bayan gida ma suka kama. Ashe ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin halittu 100 mafiya mamaye wuri a duniya! Ga aya-aya da ta biyo ƙasar ledoji biyu, har yau ina fama da ita.

Da na koma da ƙorafi bai musa ba. Ya ce in kewaye ta da bulo, in riƙa datse bakin duk sati biyu, abin da na yanke kuma ya bushe ƙarau a rana kafin in zubar. Ya ƙara min tushen na'a-na'a kyauta, ya ce wannan a tukunya, don ita ma halinsu ɗaya.