Shagon hoto ko bin biki?

Matasa masu koyon ɗaukar hoto a Zariya kullum suna tambayata: su kama shago ko su bi biki?

Shago a Samaru ba ya rasa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) masu neman hoton fasfo, musamman lokacin rajista. Amma ga haya, ga man janareto, kuma in malamai suka tafi yajin aiki, sai ka wuni kana kaɗe ƙura.

Biki kuwa, kyamara da fitila sun isa, kuɗinsa ya fi kauri. Sai dai da azumi kasuwa takan mutu. Ni kaina na taɓa rasa hotunan kamu gaba ɗaya da memori ya lalace. Har yau abin na cina. Tun ranar, sai na kwafe aiki wuri biyu nake kwanciya.

Mai jari da iyali, shago ya fi masa. Matashi mai jama'a, ya fara da biki.