Bindigar auna zafi: wata bakwai ina harbin sama a Argungu

Saboda injin ban ruwa na saye ta. Gonar shinkafarmu tana fadamar Argungu, injin kuma ya tsiri mutuwa da rana tsaka, sai makaniki ya ce in nemo ma'aunin nan mai kama da bindiga mu ga inda zafin yake taruwa. Ba irin wanda aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona ba ne, wancan jikin mutum kaɗai ya sani. Wannan daga digiri 50 ƙasa da sifili yake farawa har 380.

Wani dare a watan Janairu, bayan isha'i, ina tsakar gida sai na ɗaga ta sama na danna. Ta rubuta 27 ƙasa da sifili. Na ce shi ke nan, an sayar mini da jabu. Na saita katanga, 21. Na saita kofin shayi, 58. Na koma sama, ta maimaita abin da ta faɗa.

Ashe ba sanyin iskar da ke kanmu take faɗa ba. Kowane abu yana fitar da wani hasken zafi da ido ba ya gani, shi take tattarawa, mai tsawon zango tsakanin maikiromita 8 zuwa 14 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Busasshiyar iska kusan ba ta fitar da komai a wannan zango, tururin ruwa ne ke fitarwa. Da hunturu sama ta bushe ƙamas, na'urar ba ta samun abin kamawa sai ɗan kaɗan, shi ya sa lambar take nutsewa. Ka sunkuyar da ita wajen bakin sama kuwa, lambar ta hau, don iskar da take ratsawa ta fi kauri.

Daga nan na mayar da abin al'ada, kullum da magariba, a wuri ɗaya, ina rubutawa a bayan littafin bashin taki. Nan ne kuɗina ya fita. A Afrilu, sama tas babu ko ɗigon gajimare, amma lambar tana ta hawa: 15, 8, 3, duk ƙasa da sifili. Kafin tsakiyar Mayu ta haye sifili. Laimar da iskar kudu maso yamma ke kwasowa daga tekun Atlantika ce ta iso, ruwa bai ko sauka ba. Na nuna wa Baffa cike da murna. Ya dubi littafin, ya dube ni, ya ce, "Yaro, mi kaka wahal da kanka? Shamuwa ta riga ka sani."

Gajimare ya fi daɗin aunawa. Mai kauri da ke ƙasa-ƙasa yakan ba ni 19 ko 20 alhali a tsakar gida ana 30, kuma tunda zafi yana raguwa kamar digiri 6 da rabi a kowace kilomita in ana hawa, sai in ƙiyasta tsayinsa ya kai kilomita ɗaya da rabi. Ƙiyasi ne dai. Siraran nan na can ƙololuwa masu kama da tsefaffiyar auduga da ƙyar suke motsa lambar.

Amma ba ta san ranar ruwa ba. A Yuni na sa aka kwashe shanya a guje saboda ita, hadarin ya wuce Birnin Kebbi ya bar mu da zufa. Fuskarta ba ta karantuwa cikin rana, kuma tana kashe kanta kafin ka laluɓo biro. In ta gasu a akwatin babur sai ta huce tukuna take faɗin gaskiya. Ƙarfe mai ƙyalli yana ruɗa ta, sai ka manna baƙin tef ka auna kansa. Kada a saita ta ga rana, jan ɗigon lezar nan kuma a kiyaye shi da idon yara.

Injin kuwa, laka ce ta toshe masa hanyar iska. Aikin minti goma.